Kilomol zuwa Sm³: da wace lamba zan ninka?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne ina karanta kemikal injiniyarin, yanzu ina SIWES, wato horon aiki na ɗalibai, a wani kamfanin gas. An ba ni lissafi wai gas yana gudu kilomol 500 a awa, in mayar da shi Sm³ (mita kubik a tsayayyen zafi da matsi) a awa, na ninka da 22.4 kamar yadda aka koya mana tun sakandare sai ogana ya ce ba haka ba ne, wallahi kaina ya ɗaure. Ina matsalar take? Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanina. Ogan naka ya yi gaskiya, amma kai ma hanyarka daidai ce, lambar ce kawai ba ta wurin ba.

Ka ga shi gas ba shi da tsayayyen girma, in ka matse shi ya tsuke in ya ji zafi ya buɗe, shi ya sa masu saye da sayarwa suka ce to mu tsayar da zafi ɗaya da matsi ɗaya mu riƙa awo a kansu. Tun 1811 Avogadro ya ce in zafi da matsi ɗaya ne to girma ɗaya yana ɗauke da ƙwayoyin gas adadi ɗaya ko wane irin gas ne, kenan Sm³ ɗin nan ƙirgen mol ne aka sauya masa suna, shi mol awon adadin ƙwayoyi ne, kilomol kuma mol dubu.

Inda gizo ke saƙar shi ne ba a haɗu a kan ma'auni ɗaya ba, kamar mudu ne, kowace kasuwa da girman nata. Ita 22.4 taka (cikakkiyarta 22.414) ta Nm³ ce, wato mita kubik a digiri 0 na salshiyos da matsi 101.325 kPa. Shi kuwa Sm³ a harkar gas yawanci digiri 15 ake nufi, matsin kuma bai sauya ba, haka ƙa'idar duniya ta ISO 13443 ta tsara, a nan kilomol ɗaya 23.645 m³ ne. To ninka ka gani: 500 sau 22.414 ya ba ka 11,207, amma 500 sau 23.645 ya ba ka kusan 11,822. Bambancin ya haura kashi 5 cikin ɗari, kuma gas ne da ake biyan kuɗinsa kowace awa, ai dole oga ya tsaya a kai.

Ni dai ban son haddar lambobin nan, gara ka riƙe V = RT/P, V girman kilomol ɗaya a m³, T zafi, P matsi, R ɗin 8.314, zafin a kelbin wato ka ƙara 273.15, matsin a kPa, duk ma'aunin da aka kawo maka sai ka fitar da lambarsa da kanka. Don ko IUPAC, ƙungiyar masana kimiyyar sinadarai ta duniya, a 1982 ta koma 100 kPa, a nan kuma a digiri 0 za ka samu 22.711.

Sannan a Najeriya za ka fi cin karo da MMSCFD, awon Amurka, ƙafa kubik miliyan ɗaya a rana, ko bututun AKK da ya taso daga Ajaokuta zuwa Kano da irin wannan awon ake faɗin abin da zai ɗauka. In an ɗauke shi a digiri 60 na farenhait da matsi 14.696 psia (awon matsi na Amurka), fam-mol ɗaya, wato mol da aka auna da fam, ƙafa kubik 379.5 ne, don haka MMSCFD ɗaya ya kama kusan kilomol 49.8 a awa. Naka 500 ɗin ya ɗan haura MMSCFD 10 kenan.

Kafin ka taɓa kalkuleta ka duba takardar mitar ko kwantiragin ka ga zafi da matsin da suka rubuta, kai ma ka rubuta su a gefen amsarka. Allah ya ba da sa'ar karatu.