Kar ka karyar da kayanka saboda DirectX 12 Ultimate

Wani ɗan'uwa mai sayar da kwamfutoci na hannu a Kano ya turo min cewa yana da katin girafik GTX 1050 Ti da 1060 sun kai goma a shago, yanzu samari masu gem kowa ya shigo sai ya ce "yana ɗaukar DirectX 12 Ultimate?" Wai ya karyar da su ya zuba kuɗin a RTX, jerin katunan Nvidia da suka biyo bayan GTX, ne?

Malam ka kwantar da hankalinka tukuna. DirectX 12 ɗin, wato manhajar Microsoft da gem ke bi ta kanta ya yi aiki da katin girafik, tun 2015 ya fito tare da Windows 10, kuma katunanka duk suna aiki da shi. Ultimate ɗin da Microsoft ta sanar a 2020 shi ne mai buƙatar kati mai tsada, sai RTX 20 zuwa sama, ko RX 6000 na AMD, ko Intel Arc, don su ne ke iya lissafin haske da inuwa irin na zahiri. Amma gem ɗin da ke amfani da shi yawanci yana buɗewa a tsohon kati, kawai dai waccan ƙawar ce ba za ta fito ba, kuma yaron da ƙwallo kawai yake bugawa ina ruwansa da inuwa.

Inda nake ji maka tsoro daban ne. Mutane na buga dxdiag, umarnin Windows da ke nuna bayanan DirectX, su ga an rubuta DirectX 12 a shafin farko su ce shikenan, alhali wannan na Windows ne ba na katin ba. Ka shiga shafin Display ka duba Feature Levels, wato matakin da katin kansa ke iya ɗauka. 1050 Ti da 1060 za su nuna maka 12_1, Ultimate kuwa 12_2 ne, su GTX 750 Ti kuma a 11_0 suka tsaya. In ka ce wa kwastoma "yana ɗauka" ya je gida gem ta ƙi tashi, gobe da sassafe zai dawo maka da kaya da abokansa biyu, ga rigima ga asarar suna.

To ni dai a ganina, masu 11_0 in akwai su ka rage riba su fita da wuri, kuɗinka ne ke kwance. 1050 Ti da 1060 ka sayar a farashinsu, ka rubuta lambar Feature Level ɗinsu a rasit. RTX kuma kar ka cika shago da shi da wannan dalar, ɗauko RTX 2060 ɗaya ko biyu ka gani, sauran sai wanda ya ajiye kafin alƙalami ka yi masa oda.