Labaran Pu Songling: tatsuniya ne ko hikaya?

Tambaya daga wata ɗaliba a Zariya: Malam, na karanta labaran Pu Songling na ƙasar Sin, cike suke da fatalwa da yanyawar da ke rikiɗa ta zama mace. In kira su tatsuniya?

Amsa: A'a, Malama, hikaya ta fi dacewa da su. Tatsuniya tana shelanta kanta tun daga “Ga ta nan, ga ta nanku”, ba ta da marubuci, ba ta da shekara, kuma mai yin ta kan rufe da “ba don Gizo ba da na yi ƙarya”. Shi kuwa Pu Songling yakan faɗi sunan mutum da garinsu, wani lokaci har da sarkin zamanin, sannan a ƙarshen wasu labaran ya yi sharhi kamar masanin tarihi. Hikaya, wadda muka aro daga Larabci, ita ce labarin da ake bayarwa tamkar ya faru, ko da abin al'ajabi a cikinsa. Ƙissa kam kada ki taɓa ta nan, ta annabawa da salihan bayi ce.

An haifi Pu Songling a 1640 a Zichuan, lardin Shandong, ya rasu a 1715. Ya ci jarrabawar neman muƙamin gwamnati ta matakin farko a 1658 da daraja ta ɗaya, amma ta lardi ta yi ta kayar da shi har tsufa. Kusan shekara 30 ya yi yana koyar da yara a gidan wani mai hali, yana rubuta waƙoƙi, wasu da harshen ƙauyawan yankinsu, yana tara labarai kusan 500 da aka sani da Liaozhai. Sai a 1766 aka buga su. Irin wannan ne Bahaushe ke nufi da “wani hani ga Allah baiwa ne”: muƙami ya kuɓuce masa, alƙalami ya zauna.

A cikin labaransa, labarin gyare ya fi taɓa ni. Sarki na son faɗan gyare, hakimai suka ɗora wa talakawa kawo shi, har kurwar wani yaro ta koma gyare don ta ceci ubansa. Kukan talaka ne ya saka a bakin ƙwaro.

Mo Yan, marubuci ɗan Shandong da ya ci kyautar Nobel ta adabi a 2012, ya ambaci Pu Songling a jawabin karɓar kyautar, yana mai cewa shi magajinsa ne.