Fijo 404 ɗin da Baba ya bari: a gyara ta ko a sayar yadda take?

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya rasu bara, ya bar wata tsohuwar Fijo 404 a garejin gidanmu na Zariya. Sabuwa fil ya saye ta tun kafin a haife ni, sitiyarinta ma a hannun dama yake. Ta haura shekara 20 ba a tayar da ita ba, tayoyin duk sun kwanta, amma fenti da kujeru na asali ne. 'Yan gwangwan sun zo sun taya. Yayanmu ya ce a'a, a sa mata wani inji, a yi mata fenti, sannan a sayar, wai a Turai miliyoyi ake sayen irinta. Mu tara ne magada, har da yara biyu ƙanana. Ta yaya za mu san kuɗinta na gaskiya, kuma wa za mu sayar wa? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa, ya ba ku haƙurin rashi.

Hajiya, abu na farko da zan roƙe ku shi ne kada kowa ya taɓa motar nan tukuna. Kada a kai ta wurin mai fenti, kada a cire injin, kada ma a ɗaura mata batir a ce bari a ji ko za ta tashi. Wannan na ƙarshen shi ya fi yawan kashe irin waɗannan motoci. Injin da ya shekara 20 a tsaye, baƙin mai ya gama tsiyayewa ƙasa, fetur ɗin tanki da na kabireta ya zama danƙo, wataƙila tsatsa ta riƙe ringi. Ana murɗa makulli ƙarfe zai goge ƙarfe a bushe, a cikin minti guda a lalata abin da ya zauna lafiya tun zamanin Baba. Bakanike na kirki filogi zai fara cirewa, ya ɗiga mai kaɗan a kowace silinda, ya bar shi kwana biyu ko uku, sannan ya sa sifana ya juya injin a hankali da hannu. Idan ya juya, kun sami abin faɗa wa mai saye, kuma ya isa haka. Idan za a fitar da ita daga gareji, janwe za a kira, don robobin birki sun daɗe da mutuwa.

Sai maganar yayanku. Akwai gaskiya a cikinta, amma ba ta shafi kowace mota ba. A watan Fabrairun 2015 an yi gwanjon motocin wani Bafaranshe, Roger Baillon, a birnin Faris, waɗanda suka yi shekaru suna tsatsa a rumfuna. A cikinsu wata Ferrari ta 1961 da aka tarar an jibga mata tsofaffin mujallu ta tashi a kan Yuro miliyan 16 da ɗoriya, ba tare da an gyara ta ba. Irin wannan labarin ne ke yawo a waya yana ɗaga hankalin magada. To amma waccan motar 'yan ƙalilan aka ƙera irinta. Fijo 404 kuwa, wadda ta fito a 1960, an ƙera ta fiye da miliyan biyu da rabi. Faransa ta daina yin ƙaramar mai ƙofa huɗu a 1975, Kenya ta ci gaba da haɗa a-kori-kurarta har 1991. Masu tsadar gaske a cikin dangin su ne masu ƙofa biyu, mai buɗaɗɗen sama da mai rufi, waɗanda duka biyun ba su kai 20,000 ba. Taku, in mai ƙofa huɗu ce kamar yawancin waɗanda suka shigo ƙasar nan, tana da daraja, ta fi ƙarfin sikelin 'yan gwangwan nesa ba kusa ba, amma kada ku gina rabon gado a kan cewa za ta saya wa kowa gida.

Darasin da ke cikin labarin Ferrari ɗin shi ne a ƙurarta aka saye ta. Masu tara tsofaffin motoci sun fi son wadda ba a taɓa ba, domin fentin kamfani in an kankare shi ya tafi ke nan. Ko a babbar gasar tsofaffin motoci ta Pebble Beach a Amurka, a 2024 wata Bugatti ta 1934 da ba a sabunta ba ce ta zo ta ɗaya, karo na farko a tarihin gasar. Idan kuka ɗora wa 404 injin wata mota, kuka fesa mata fentin bakin titi, kun kashe kuɗi don ku rage mata kuɗi. Mai saye da ya san abin da yake yi zai fara zargin me aka ɓoye a ƙarƙashin sabon fentin, sannan ya cire kuɗin warware aikin daga tayinsa. Gyara na haƙiƙa kuwa, da kayan asali da gwanin hannu, kusan kullum ya fi kuɗin da motar za ta tashi bayan an gama.

Sitiyarin dama da kika ambata shaida ce mai kyau. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama na titi ranar 2 ga Afrilu, 1972, kafin nan motoci masu sitiyari a dama ake hawa, don haka akwai alamar motar ta girmi wannan ranar, ta kuma girmi kamfanin haɗa Fijo na Kaduna da ya fara aiki a 1975. Matsalar sitiyarin ita ce hukumar kiyaye haɗurra ba ta yarda da hawa titi da mota mai sitiyari a dama, wannan zai rage masu saye don hawa. Duk da haka kada ku juya shi. Ku bar wa mai saye ya yanke.

Yanzu ga yadda ake kimanta ta. A fara da lamba: akwai ƙaramin allon ƙarfe na kamfani a ɗakin inji mai ɗauke da lambar motar, injin ma yana da tasa. A ɗauki hotonsu a gwada da takardu. Kamfanin Peugeot yana da gidan tarihi a Sochaux ta Faransa, sashensu na tsofaffin motoci kan ba da takardar shaidar asalin mota daga wannan lamba. Daga nan sai tsatsa, wadda ita ce ke yanke hukunci. Ƙaramar 404 ba ta da shasi daban, jikin ne ke ɗauke da komai, saboda haka in ƙasa ta ruɓe aiki ya zama babba. A ɗaga tabarmar ƙafa a duba, a duba ƙasan but inda safayar taya ke zama, da gefen ƙasan ƙofofi, da wurin da shokazoba ta gaba ke kama jiki. A sa tsinin sukundireba a danna a hankali: tsatsar sama ja ce kawai, ruɓa kuwa za ki ji ƙarfen ya lotsa. Busasshiyar iskar Arewa kan taimaka, sai dai in rufin garejin yana yoyo ko ɓeraye sun yi gida a cikin wayoyi da kushin.

Sannan a ƙirga ƙananan kaya: fitilu, bamba, tambarin zaki, murfin ƙafa, madubi, agogon dashbod, jak, littafin mota. Waɗannan su ne masu wuyar samu ko a Panteka ta Kaduna ko Ƙofar Ruwa ta Kano, su ne kuma ke ɓacewa in masu dubawa suka yawaita. A kulle garejin, kada a bar kowa da motar shi kaɗai. Duk wata takarda a adana ta, rasit na saye, takardar kwastan, tsohon lasisi, har hoton Baba tsaye a jikinta. Motar da mutum ɗaya ya riƙe tun tana sabuwa, da shaida a hannu, ta fi wadda ba a san inda ta bi ba. Kada ku dogara da agogon tafiya kaɗai, lamba biyar gare shi, yana cika yana komawa sifili.

Wajen farashi, ku nemi abin da aka sayar da irinta, ba abin da ake nema ba. Shafuka irin su Bring a Trailer da Car & Classic da gidan gwanjo na Artcurial suna nuna sakamakon ciniki. Ku gwada da wadda ke cikin hali irin na taku, ba mai sheƙi ba, sannan ku cire kuɗin kai ta tashar jirgin ruwa da kwantena da haraji, domin mai saye daga waje duk zai cire su. Bayan haka ku sami tayi daga mutum uku da ba su san juna ba. Wanda zai kimanta muku, a biya shi ladansa, kada ya zama shi ne mai son saye.

Masu saye suna nan, a cikin masu sha'awar tsofaffin motoci a Legas da Abuja da Kano, da masu shirya finafinai da ke neman motar zamanin da. A share ƙura da tsumma mai laushi, a hura tayoyi in za su riƙe iska, a ɗauki hoto ta kowace kusurwa har da wuraren tsatsar, a faɗi aibinta ƙarara. In da dillali, a yanka la'adarsa tun farko a rubuce. Duk wanda ya ce daga waje yake, ku fara tura masa kuɗin wata takarda, ɗan damfara ne. Mota ba ta fita sai kun ga kuɗi a asusu ta bakin banki, ba ta saƙon waya ba. A rubuta takardar ciniki da shaidu, a yi canjin mallaka.

Amma duk wannan sai an gama da maganar gado. Motar ba ta yaya ba ce shi kaɗai, kowane magaji yana da kaso a cikinta bayan an biya bashi an fitar da wasiyya, kuma akwai haƙƙin marayu biyu. Ba daidai ba ne a ɗebi kuɗin gado a zuba a gyaran da babu tabbacin zai dawo. Ku kai ƙimar da kuka samu gaban malamin da ke raba muku ko kotun shari'a, waliyyin yaran yana zaune, kowa ya sa hannu kafin a sallama. Idan yayanku ya ga ba zai iya rabuwa da motar mahaifinsa ba, na fahimce shi sarai, kuma hanya a buɗe take: a sa mata kuɗi daidai da tayi mafi girma, a cire daga kasonsa, in bai kai ba ya cika. Daga nan ta zama tasa, ya gyara ta da kuɗinsa yadda ya ga dama, ko da yake shi ma zan ba shi shawara ya bar mata injinta da fentinta.