Hankaka Mai Da Ɗan Wani Naka, Da Sauran Tsuntsayen Tsakar Gida

Tambaya daga Gusau: Malam, hankaki biyu sun yi sheƙa a kan ƙarfen sabis da ke bayan gidanmu. Kakata ta ce hankaka ba ya ƙwai, 'ya'yan wasu yake sata ya rena, shi ya sa ake masa kirari da "hankaka mai da ɗan wani naka". Haka ne?

Amsa: Ɗana, bari mu fara da lafazin, domin da yawa a karkace suke jin sa. Wannan "mai da" ba "mai" na mallaka ba ne irin na mai gida ko mai kuɗi. Gajeren "mayar da" ne, kamar yadda ake cewa "mai da wuƙar kube". Kalmar "naka" kuma ta nuna da hankakan ake magana baki da baki, haka kirari yake, a gaban mai shi ake yin sa. Idan aka jefa wa mutum shi, baki biyu gare shi. Wanda ya riƙi maraya bai bambanta shi da 'ya'yan cikinsa ba, yabo aka yi masa. Wanda ya ari garma tun bara ya ƙi mayarwa har ya fara kiran ta tasa, wannan zambo ya sha.

Batun ƙwai kuwa, ka gaishe da Kaka da kyau, sannan ka faɗa mata hankaka yana yi, uku zuwa shida a sheƙa guda. Can ƙololuwar itace ko ƙarfe yake tara ƙirarensa inda ido ba ya kaiwa, shi ya sa mutum zai tsufa bai taɓa ganin ƙwan ba. Ga shi kuma ana ganin sa yana surar 'yan tsaki. Sai aka haɗa biyu da biyu aka ce reno yake kai su, alhali cikinsa yake kai su.

Amma kada ka yi saurin yi wa tsofaffi dariya. Akwai wani tsuntsu mai doguwar wutsiya da ɗan tukku, fuka-fukansa da ɗige-ɗigen fari, wanda masana ke kira Clamator glandarius. Shi ba ya sheƙa sam. Macen takan faki idon hankaka ta sa ƙwanta cikin nasa ta yi gaba. Nata yakan ƙyanƙyashe cikin kamar mako biyu, na hankaka sai ya kai kwana 18 ko 19, don haka baƙon ya riga 'yan gida buɗe baki, ya fi su samun abinci. Wasu masu bincike biyu, Mundy da Cook, sun bibiyi wannan lamari a Sakkwato, suka wallafa abin da suka gani a 1977. Ke nan wanda ya fara yin kirarin nan mai yiwuwa ya ga hankaka na ɗura wa ɗan da bai yi kama da shi ba, kuma idonsa bai yi masa ƙarya ba. Inda aka kuskure shi ne wajen ɗora laifi: an kira shi ɓarawo, alhali shi aka yi wa wayo. Ka sa ido a kan sheƙar taku lokacin da 'ya'yan za su fara tashi.

Tambaya daga Maraɗi: Ina zuba tsaki da ruwa a tsakar gida. Yarana duk abin da ya sauka kurciya suke ce masa. Mene ne bambancin kurciya da hasbiya da bardo?

Amsa: Hajiya, dangi ne, amma kowa da kamarsa. Hasbiya ce babbarsu, girmanta ɗaya da tantabara. Dubi idonta: jar fata ce ta kewaye shi kamar an zana, fuka-fukanta kuma ja-ja da yayyafin fari. Ta fi son kan soro da kan giginya. Kurciyar da ta fi sabawa da gidajenmu ba ta kai ta ba, jikinta ruwan ƙasa mai ɗan ja, da ɗige-ɗigen baƙi a ƙirji. Bardo shi ne autansu, siriri mai doguwar wutsiya, namijin baƙi ne daga fuska zuwa ƙirji. Ya fi zama bakin gari da gonaki, idan ya shigo miki to ƙishirwa ce ta koro shi.

Ki sa yaran su lura da shan ruwansu. Kaza da gwara sukan ɗiba su ɗaga kai sama kafin su haɗiye. Kurciya da 'yan uwanta tsoma baki suke yi su zuƙa, ba sa ɗagowa sai sun ƙoshi.

Tun da kurciya ta shigo zance, ki koya musu "kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa". Ana faɗin ta idan an yi magana a lulluɓe, gargaɗi ko hannunka-mai-sanda, ana jiran mai kunne ya ɗauka. Sai kuma "an yi masa kurciya", wato an yi masa asirin da ya raba shi da garinsu ya shiga duniya. Masu wannan imani cewa suke laya ake ɗaura wa tsuntsuwar a sake ta, duk inda ta nufa can mutumin zai bi. Ni dai a ganina, talauci da kunyar komawa gida hannu rabbana sun fi kowace laya tsare mutum a bariki.

Tambaya daga Haɗeja: Wasu 'yan mitsi-mitsin tsuntsaye jajaye suna shigowa har cikin ɗaki. Maƙwabcina ya ce jan baki ne, in daina ba su gero kada in tara wa manoma bala'i.

Amsa: Malam, tsoron maƙwabcinka ba a banza ba ne, duk wanda ya noma shinkafa a fadamar Haɗeja ko Kebbi ya san ɓarnar jan baki, har jirgin sama ake ɗaukowa a yi musu feshi. Amma waɗannan ba su ba ne. Jan baki jikinsa irin na gwara ne, ruwan ƙasa da zane-zane, bakin ne kawai ja, kuma dubbai suke tafiya. Naka bibbiyu suke zuwa ko 'yan kaɗan: namijin ja wur da ɗan zobe rawaya a ido, macen ruwan ƙasa da ɗigon ja gaban ido da kuma gindin wutsiya. A wurare da dama baiwar Allah ake ce wa wannan tsuntsuwa, namiji da mace. "Baiwa" ta bauta ce, macen bawa, ba ta kyauta ba, irin yadda ake kiran matar da ba ta da fitina baiwar Allah. Sunan ya dace da ita, ƙwayar ciyawa da abin da ya zube gindin turmi take tsinta, a jinka ko ramin bango take sheƙa.

Ci gaba da ba su. Tsakin gero ya wadatar, kada ka zuba tuwon da ya kwana ko abu mai gishiri. Daga Maris zuwa Mayu ruwa ya fi hatsi daraja a wurinsu. Kasko marar zurfi za ka samu, ka ajiye a inuwa nesa da inda kyanwa ke laɓewa, kana wanke shi kullum saboda sauro. In kana kiwon kaji, raba musu wurin ci da sha da na baƙin, domin murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Nijeriya a jihar Kaduna cikin 2006, ba ta daina dawowa ba.

Tambaya daga Kumasi: Me ake nufi da "balbela ci da motsin wani"?

Amsa: Je ka inda shanu ke kiwo ka tsaya. Saniya na taka ciyawa, fara da ƙwari na tashi, balbela na biye tana cafkewa. Mutumin da ba ya nema sai ya ga wani ya motsa ya bi bayansa ya samu, shi ake nufi. Wasu garuruwan belbela suke cewa, duka daidai ne.