Amsar Yaya kan maganar rufe gurup ɗin orkes

Salamu alaikum 'yan gurup, ina wuninku. Ƙanena, na saurari muryarka tun jiya, rezo ne ya hana ni amsawa. Ka ce kuna so ku rufe gurup ɗin WhatsApp na masoyan orkes ɗinku, ku koma TikTok da Facebook gaba ɗaya, wai can ne jama'a take. To ni dai a'a, kar ku rufe.

Shekara da shekaru ina riƙe wa masu gita waya a nan Tawa. Akwai bidiyon da muka sa a Facebook, na wani biki, mutane suka yi ta dannawa, har daga Libiya da Abijan ana mana jinjina. Muka yi ta murna a fada, har da shayi zagaye uku. Wata guda cur, wallahi ko kira ɗaya na aiki bai shigo ba. A gurup kuwa, mutum nawa ne? Ba su cika ɗari biyu ba. Amma wata hajiya ce a ciki za ta aiko murya, ta ce ɗiyar ƙanwarta za a aurar ran Asabar, nawa ne kuɗinku, a yi ciniki, ta turo kafin alƙalami ta Nita, masu aika kuɗi, kafin la'asar. Ka san sunanta, ka san unguwarsu. In ɗan ganga ya kwanta ciwo, su ne masu zuwa gaisuwa.

Dubi Mdou Moctar, mai gitan nan, ɗan jiharmu ne. A Sakkwato ya ɗauki waƙoƙinsa a 2008, suka yi ta yawo daga salula zuwa salula ta bulutut da katin memuwar, har arewacin Mali. Can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley mai kamfanin waƙoƙi na Sahel Sounds, ya ji su. Waƙa ta je, amma ba lambar mai ita, sai da ya sha wahalar nema kafin ya same shi. Da ya gaji ya bari fa?

TikTok ɗin ku yi shi, ban hana ba, kasuwa ce, baƙo a can yake fara ganinku. Sai dai ba kai ke zaɓen wanda za a nuna wa bidiyon ba, kuma ran da aka sace shafin, mabiyan sun tafi da shi. Kowane bidiyo ku rubuta lambarku a jiki, manya-manya, wanda ya kira ku jawo shi gurup.

Amma gurup ɗin ma yana son mai tsaro. Namu ya taɓa komawa tallar turare da gardamar kokowa, masu aikin biki suka fice. Ku ba mutum ɗaya admin, mai haƙuri, ba mai gitan ba, shi barci yake yi har azahar.

Forfe ɗina ya kusa ƙarewa, ka biyo fada bayan isha'i mu ƙarasa.