Rediyon motata ta kulle bayan na canja batir

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da Honda Accord ƙirar 2006, 'yar Kwatano. Batir ya mutu mini a hanyar Kazaure, na sa sabo, tun daga ranar rediyo ba ta ce uffan ba, sai CODE kawai take rubutawa. Mai wayarin na garinmu ya ce a cire a sa 'yar China. Ni kuwa da ita nake jin labaran safe in zan tafi gona. Mene ne abin yi? Daga mai karatu, Ɓaɓura.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Kada a taɓa ta, lafiyarta ƙalau. Dabara ce ta hana sata: da wuta ta yanke mata, sai ta ɗauka ɓarawo ne ya ciro ta, ta kulle kanta har sai an ba ta lambobinta biyar.

Fara da ɗan akwatin da ke gaban mai zaman banza. Duba gefensa, sau da yawa akwai farar takarda a liƙe, ko ƙaramin kati a cikin littafin motar, da lambar a rubuce. Ni a tawa, ƙarƙashin tulin rasit na tsinci katin, bayan na yi sati ina tuƙi shiru kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa.

In babu, murɗa makulli har fitilun gaban direba su kawo, ka kashe rediyon, ka danne maɓallin 1 da na 6 tare, sannan ka kunna ta. Za ta nuna lambarta gida biyu, ɗaya da U a gaba, ɗaya da L. Rubuta su, ka haɗa da lambar shasi mai harufa da lambobi 17 da ke gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba. Da su dillalin Honda ke ciro lambar buɗewa. In ta samu, da maɓallan tashoshin nan za ka shigar da ita.

Ban da canki-canka. Sau goma aka ba ka, in ka ƙone su sai ka bar ta a kunne awa guda kafin ta sake sauraronka.

Masu irin rediyon nan mai allon taswira, tasu lambar daban ce, guda huɗu. Amma kada su sa rai: faifan da ke ciki titunan Amurka ya sani, ba zai kai su Ɗambatta ba.

Ranar da ta buɗe, rubuta lambar a bangon littafin da kake ajiyewa a gida, don batir zai sake mutuwa.