Ba gutsure ɗaya ba ne: amsa kan auna bidiyon da ya sauko

Wa alaikumussalam ƙanena. Ka ce a shafinka na intanet kana raba video.buffered.end(0), wato daƙiƙar da abin da ya sauko ya kai, da video.duration, wato tsawon bidiyon, don zana layin da ke nuna abin da ya sauko, amma wani lokaci burauza ta jefo maka kuskure, wani lokaci kuma layin ya daskare alhali bidiyo na ta tafiya. Ni ma abin ya ba ni ciwon kai bara, lokacin da nake ɗora karatun tafsiri na wata Islamiyya a nan Katsina, can wajen Ƙofar Ƙaura.

Na ɗauka buffered lamba ɗaya ce. Ashe gutsattsari ne, TimeRanges. Ɗalibi ya kalli minti ɗaya da rabi, ya ja zuwa minti na 40 inda malam ya tsaya jiya, to gutsure biyu ke nan: ɗaya daga 0 zuwa wajen daƙiƙa 90, ɗaya daga 2400. Shi kuwa end(0) na farkon kaɗai ya sani. Kuskuren kuma yana zuwa ne in ka tambaya tun length, wato adadin gutsattsarin, na kan 0, ba abin da ya sauko. Duration ma NaN, wato "ba lamba ba", yake bayarwa sai loadedmetadata ya auku, wato sanarwar cewa burauza ta samu bayanan bidiyon.

Saboda haka ka saurari progress da timeupdate, sanarwar da burauza ke bayarwa in an ƙara saukewa ko bidiyo ya matsa gaba, ka zagaya gutsattsarin, ka nemo wanda currentTime, wato daƙiƙar da mai kallo yake kai, ya faɗa tsakanin farkonsa, start(i), da ƙarshensa, end(i). Cire currentTime daga end(i), daƙiƙun da suka rage a gaban mai kallo ke nan. Ni su nake nunawa. Kashi cikin ɗari yaudara ce, don Chrome ba lallai ta sauke fayil duka ba, in ta tara abin da ya ishe ta sai ta dakata. Mai sayen data ta ɗari biyu ma gara masa haka.

Ka kuma gwada a waya, ba kwamfutarka ba. Ranar da na kai wa malam aikin, muna zaune a zaure, sabis sanda biyu, da'irar jiran bidiyo ta yi ta juyawa har shayi ya huce. Code ɗin da na rubuta lafiya lau yake. Fayil ɗin bidiyon ne, MP4, bayanansa na moov, waɗanda burauza ke buƙata kafin ta kunna shi, ke ƙarshen fayil, sabar da ke ajiye bidiyon kuma ba ta amsa buƙatar Range, wato neman wani sashe kawai na fayil, sai an sauke komai kafin ya fara. Na sake bi da shi ta manhajar ffmpeg da -movflags +faststart, wanda ke dawo da moov farkon fayil, na sauya saba. Kai ma duba ko sabarka na dawo da 206, lambar da ke nuna ta amsa buƙatar Range, in ka ja bidiyo gaba.